Ramin da Ba Na Gawa Ba

Jikka biyu suka ba ni in haƙa rami
a fadamar kawuna, ƙasa da Badagishiri,
zurfin ƙirjin mutum.
Ba na gawa ba, ba na rijiya ba:
wai wata mata ce daga Yamai za ta shiga ta duba.

Bazara ce. Ƙasa ta yi faso
irin na diddigen mai tallar itace,
tsaga na haɗiye hannu har gwiwa.
Na kai mata diga, diga ta dawo mini da gaisuwa.
Kafin hantsi tafina ya yi ruwa,
kafin azahar na fara zagin kakan laka.

Malama Sahiya ta tuɓe takalmi ta sauka,
wuƙa a hannu, metir a wuya,
da wani littafi da babu komai cikinsa sai launi.
Ta ce taki ɗaya na sama baƙi ne,
na ƙarƙashinsa ruwan toka, da ɗigon tsatsa,
wai shaida ce ruwa na kwana a nan
ya toshe wa ƙasa hanci.
Na ce, Malama, kwana?
Wata uku yake yi, baƙon da bai san sallama ba.

Ta ɓanɓaro fararen tsakuwoyi,
ta ɗiga musu ruwan wata 'yar kwalba,
suka yi cuuu, kamar albasa ta faɗa mai.
Ta jiƙa siririyar takarda, ta rikiɗe shuɗiya,
ta rubuta tara, ta ja layi a ƙasa.
Ni kuwa lasa na yi.
Kanwa.
Awakin garinmu sun riga mu wannan karatu,
su da ke zuwa lasar farin busa tun ina goye.

Ta tofa ruwa a dunƙule, ta murza,
ya miƙe igiya, ta naɗa shi zobe, bai karye ba.
Can ƙasa ta nuna mini wata fuska mai sheƙi
kamar an goge da bayan ludayi:
nan ne laka ke gugar laka
in ta sha ta kumbura, in ta bushe ta tsuke.
Shekara arba'in ina taka ta,
ban san tana juyi a kwance ba.

Ta ce ƙasa ma dangi gare ta,
da babban gida, da ɗaki, da 'yan uba.
Sunan wannan ya ci layi biyu a kaye,
na gwada shi, harshena ya yi tuntuɓe.
Na ce mu huɗu muka sani:
jigawa uwar gero, fako mai ƙin iri,
geza, sai laka.
Cikin laka akwai mai kunya, mai ba da albasa,
akwai kuma wannan,
wadda kawu Namata ke kira Ci-Takalmi.
Gero ba ya yi mata ko ziyara.
Dawa kan tsaya, in damina ta zo da ladabi,
in ta zo da gaggawa sai ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe.
Bagaruwa kaɗai ke zaman aure da ita.
Bara ta riƙe amalanken Hankurau kwana biyu,
sai da aka nemo shanu huɗu.

Malama ta yi dariya, ta ciji bik,
ta rubuta Ci-Takalmi a gefen shafi, ƙanana.
Ta ce a ja mata lambatu, a ba ta taki, a yi haƙuri.
Haƙuri dai muna da shi a rumbu.

Da la'asar ta ɗaure jakunkuna shida, mota ta tashi.
Na mai da ƙasa cikin ramin,
ta ƙi komawa duka, tudu ya rage.
Da ruwa ya sauka na koma:
tudun ya zama kwari,
kwaɗi sun kafa unguwa,
takalmina na hagu yana can har yau.