Ina Dare Ke Kwana a Zariya?

Na sauka Kwangila da la'asar sakaliya,
jaka ɗaya, da takardar kayan injin markaɗe,
da wata ƙishirwa wadda ba ta ruwa ba.
Shekara tara rabona da birni.
A garinmu dare kan mutu da isha'i,
sai haushin kare da tarin tsohuwa.

Na tambayi yaron masauki:
"Ina dare ke kwana a garin nan?"
Ya auna ni daga hula har silifa,
ya ce, "Baba, ya danganta da irin daren."
Mai gadi ya ce in kwanta, ya fi arha.
Mai keke ya yi dariya har da dukan cinya:
"Hau in kai ka inda fitila ba ta jin kunya."

Tudun Wada hayaƙi ta ba ni.
Kitse na kuka a bisa garwashi,
ƙuli da yaji na rigima a hancina.
Mahauci ya miƙo ɗanɗano a tsinin wuƙa,
na tauna, na ce ba nan nake nema ba.
Amma na sa an ƙunshe min na dubu.

Sabon Gari kuwa,
ƙwan lantarki ja da kore sun yi jerin gwano,
kiɗa na gardama da janareta,
kujerun roba sun fito shan iska har bakin kwata.
A mashayar Mama Rifkatu
farfesun kan akuya na zaɓalɓala,
kwalabe na gumi kamar 'yan dako.
Na laɓe inda mangwaro zai rufa min asiri,
na ce a ba ni lemo.
"Lemo kawai?" in ji yarinyar.
Na ce kawai.
Ta ɗaga gira, ta kawo mai sanyi har tushen haƙori.

Sai ga murya ta bayana:
"Barau! Barau mai satar alli!"
Istifanus ne, ɗan bencinmu a firamare,
sanƙo ya cinye masa rabin kai,
gyaran firji yake yi yanzu a PZ.
Kwalbarsa ta zauna kusa da tawa,
ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta addini.
Ya lissafa min waɗanda suka riga mu:
Malam Aruwa na lissafi, Kande mai awara,
da Gambo, wai mota ce, bara waccan.
Ni kuma na lissafa masa 'ya'ya,
na rasa sunan na biyar, muka yi ta dariya.

Janareta ya yi tari, ya shaƙe, ya cika.
Kowa ya ce "Kai!" baki ɗaya.
Ashe tun ɗazu akwai taurari.

Samaru ba ta san mu ba.
Ɗalibai na musun ƙwallo a ƙofar gidan kallo,
wata na haddace darasi da hasken waya,
wani ya ce mana, "Sannunku, iyaye,"
maganar ta zauna min a gwiwa.

Ƙarfe uku, ƙarƙashin gada,
teburin Ɗan'iya mai shayi:
direban tanka na barci a zaune, kofi a hannu,
ɗan sanda ya tuɓe takalmi yana sosa ƙafa,
rediyo na magana da kanta.
Shayi ya tashi daga kofi zuwa kofi,
dogon zare, bai tsinke ba.
Na kwance ƙunshin tsiren, ya daskare,
muka ci mu biyar, har da ɗan sandan.

Da aka kira assalatu daga wajen Dogarawa
Istifanus ya riƙe min jaka na yi alwala.

Kayan injin kuwa, sai da na isa Funtuwa na tuna.