Ɗakin Masu Ɗigo

Daren Talata a Samaru, an ɗauke wuta tun la'asar,
janareton mai aski yana tari a bayan katanga.
Batir saura kashi talatin da ɗaya.
Na buɗe gidan da Yaya Mudi ya bar mini cikin kwamfutarsa,
na ce a nuna mini har abin da ke ɓoye.

Sai ga tsakar gida maƙil.
Ƙananan fayiloli, kowane da ɗigo a goshi,
kamar 'yan haya da ba wanda ya tuna ranar tarewarsu.
Duk manhajar da ta taɓa kwana a nan
ta bar takalminta a bakin ƙofa,
ba wurin saka ƙafa.

Na ware musu ɗaki guda a ƙurya,
na raɗa masa suna, na fara kwasa.
Wannan shi ke tuna girman harafi,
don idon Yaya ya yi rauni a shekararsa ta ƙarshe a Kongo.
Wancan shi ya koya wa madannai
inda ƙa da ɗa da ɓa suke zama,
aikin dare uku, har shayinsa ya huce.
Akwai wanda na buɗe na tarar da layi ɗaya da Hausa:
kar a taɓa nan, na sha wuya.
Na yi dariya ni kaɗai,
dariyar ta tsaya mini a maƙoshi.

Saba'in da huɗu na ƙirga.
Sun shiga ba gardama,
tsakar gida ta yi fes kamar an yi sharar safe.

Sai tsohuwar manhajar rubutunsa ta ƙi.
Na kunna ta, ta fito fari fat,
ba ta san ni ba, ba ta san shi ba.
Ta je inda ta saba samun kayanta, ta tarar wayam,
ta tsaya nan kamar kazar da aka ɗauke wa akurki,
magariba ta yi, tana zagaya filin.

Na tuna telan Tudun Wada
da ya rubuta da gawayi a bangon tsohon shagonsa:
mun koma bayan gidan mai, a tambayi Ɗanlami.
Shekara nawa ruwa na dukan rubutun,
mutane na bin sa suna isa.

Haka na yi mata.
Na bar ɗan manuni a tsohon gurbin,
ba kaya a ciki, kwatance kawai.
Na sake kunnawa.
Ga baƙin allo, ga koren harafi manya-manya,
yadda idonsa yake so.

Mai aski ya kashe janareto.
Batir saura tara.
Ban rage girman harafin ba.