Gefen Takarda

Ni ne Fibamun, mai kwafe littafi
a gidan sufaye bisa dutsen Siyut.
Shekara talatin ina bin alƙalami
kamar jakin da ke juya dutsen niƙa.
Tawadata baƙin fitila ce da ƙaro,
takardata karan kogi, an daka, an shanya.

Littafi biyu aka ajiye mini in haɗa.
Ɗaya daga Iskandariya, fari tas, hannun gwani.
Ɗayan wani falke ya kawo daga Antakiya
cikin buhun gishiri,
asu ya ci bakinsa,
man fitilar wani mamaci ya ɗiga a shafi na uku.

Kwana huɗu suna tafe kafaɗa da kafaɗa,
ba ka jin kansu,
har na iso wurin kuturun nan
da ya durƙusa gaban Almasihu yana roƙo.
Nan hanya ta rabu.
Farin ya ce tausayi ne ya kama Ubangiji.
Mai warin gishiri ya ce fushi ne.

Tawada ta bushe a bakin alƙalami.

Na je wa Abba Pahor, yana gyaran igiyar guga.
Bai ɗago ba. Ya ce,
"Wani magabacinka ne gyangyaɗi ya kwasa.
Rubuta tausayi, ka je ka ci wakenka."

Sai dai na san hannun marubuci, nawa ne.
Kamar ruwa yake, gangare yake nema.
Mai ganin fushi zai so ya lallashe shi,
amma wa zai iske tausayi a kwance
ya tashe shi ya sa masa ƙaya?
Da wannan na kwana, ina juyi a tabarma,
ina ƙirga bakunan da maganar ta ratsa
daga gaɓar Galili zuwa wannan ɗaki:
masunci, matar masunci, jikan maƙwabcinsu,
wani da aka ƙone kafin ya gama faɗa.

Laraba ni ke kai gurasa kogon kutare.
Tasiya na zaune a bakin inuwa,
ita da ta yi tashe da saƙar lilin a Shimin,
yau zare ko ɗaya ba ta iya tsinkewa.
Na ajiye kwando a kan dutse,
na ja baya taku bakwai, yadda aka saba,
na ba ta labarin daga can.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Tausayi? Na sha shi har ya ginshe ni.
Daga nesa ake jefo shi, tare da gurasa.
Da dai wani zai dubi abin da ya ci yatsun nan
ransa ya ɓaci, ko sau ɗaya."
Ta yi shiru tana korar ƙuda da dungu.
"Amma tsaya. Ya taɓa shi?"

Na ce, nan kam bakinsu ɗaya, ya taɓa shi.

"To me ya hana ka barci, malam?"

Na dubi taku bakwai ɗin nan.
Ban san sun yi tsawo haka ba.

Da dare na feƙe sabon kara.
A cikin layi na sa tausayi, don Abba Pahor.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe kamar sawun tururuwa,
na sa fushi, don Tasiya,
da wanda ya ɗigar da man nan.

Kai mai karatu bayan ƙasa ta rufe ni,
kada ka kankare gefen.
Ka yi wa Fibamun addu'a, idonsa ya soma hazo,
tawadar yau kuma ta yi ruwa.
Laraba mai zuwa, in da rai,
kwandon a cinyarta zan ajiye.
Na rubuta nan don kada in fasa.