Babban Baƙo

Daren Asabar a Ƙofar Marusa,
An jera benci a filin makaranta,
Janareto na tari, ƙwai na ƙyafta ido,
Ni ina can baya, bakin rijiya.

Alhajina na gaba, kujera mai taushi,
Babban baƙo, haka aka buga a kati.
Jakarsa da butarsa na hannuna,
Aikina ke nan shekara sha ɗaya.

Sai ga Jatau ya hau dandamali,
Yaron gida ne a wasan, riga duk faci,
Ya zube ƙasa: "Ranka ya daɗe,
Na ce wa mai bin bashi ka yi tafiya."

"Madalla, me ya ce?" "Ya ce a gaishe ka,
Wai ya hango ƙafarka a ƙasan labule."
Fili ya ɗauka, mata sun riƙe ciki,
Hular wani tsoho ta faɗi don dariya.

Maigidan wasa ya ƙirga tsokar miya,
Carbi a dama, ludayi a hagu,
Tara ya bari, takwas ya tarar.
Jatau ya ce, "Guda ta tafi Umra da Hajiya."

Alhajina har da share hawaye,
Ya dafa na kusa: "Wallahi na gane shi!
Alhaji Nadabo ne na Sabuwar Unguwa,
Rowarsa ce sak, babu ƙarya."

Ya tashi ya yi wa Jatau liƙi a goshi,
Sababbin kuɗi, ina ƙirgawa daga nesa,
Sun kai albashina na wata uku,
Wanda har yau ake ce min sai an jima, sai an waiwaya.

Malam Zubairu da ya tsara wasan,
Dare uku yana saya min tsire a Kasuwar Tsaye,
Ina ci ina zuba, yana rubutawa.
Labulen ma namu ne, kore, mai tsagar tsakiya.

Bara a dandamali bakinsa a sake,
Ya faɗa a tafa masa, a ce wasa ne.
Ni in na faɗi rabinta a zaure,
Kafin magariba na ɗaure kaya.

A mota Alhaji na ta maimaitawa,
"Ta tafi Umra!" yana bugun cinya,
Ya juyo: "Ilu, kai ba ka dara ba?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa ganinsa a baya."