Mahaƙin Rijiya Ya Ga Ruwa Yana Ci da Wuta

Shekara arba'in da ɗaya ina shiga ƙasa da igiya a ƙugu.
Daga Gwadabawa har Gigane
da wuya unguwar da ba ta sha gumina ba.
Na san jerin cikinta kamar haƙoran bakina:
jar ƙasa, marmara mai cin bakin diga,
yumɓu, farin dutse,
sannan rairayin nan mai sanyi
da ke raɗa wa tafin ƙafa an kusa.

Jiya Sahabi ya zo hutu daga jami'a,
ya miƙo mini waya.
Wata mata, a wata ƙasa mai nisa,
ta buɗe famfo, ta ƙyasta ashana,
ruwan ya kama.
Sau uku ina sa shi ya mayar baya.

Ya ce, Baba, can ba sa tsayawa inda kake tsayawa.
Su wuce gaba dubu, su kwantar da bututu a kaikaice,
su ɗura ruwa da yashi da magunguna
har dutse ya tsage ya saki gas.
Na ce, ruwa nawa?
Ya ce, rami guda, abin da unguwarmu za ta sha
daga damina zuwa damina.
Na ce, in ya gama aiki, ina yake kwana?
Sai ya hau sosa ƙeya.

Wai wasu ƙasashe sun hana, sun buga hatimi.
Wasu sun dakata da ƙasa ta motsa ƙarƙashin gadajensu.
Wasu sun ce a yi, amma a auna, a ja da baya daga gidaje.
Na ce, dokar tana da igiya?
Tana sauka ta gani?

Mu ma muna da tamu, ba a rubuce ba:
fitila ke fara shiga.
In ta mutu, ba mai bin ta, ko ɗan wane ne.

Ban ƙi gas ba, Allah ya sani.
Hayaƙin kara ya gama da idon Inno Kulu.
Amma ranar da za su zo da turakunsu gonar Jabbi,
mai sa hannu ya fara zuwa, in ɗaura masa igiyata.

Da asuba na ja guga.
Karon farko a rayuwata,
sai da na sansana kafin in yi alwala.