Ma'aunin Kawu Jatau

A Dass, gindin Dutsen Mbula,
inda inuwa ke riga la'asar sauka,
Kawu Jatau ya shimfiɗa buzu bakin rumbu,
ya jera gwangwanaye uku
kamar mai shirin rabon gado.

Yatsunsa takwas ne.
Biyun ya baro su a fadama, shekarar fari,
ranar da ya ce ɗan ƙari ba ya ɓata miya.
Ya ɓata.

"Wannan albarushin mai garaje ne," in ji shi,
"ƙwayarsa kamar acca, cinsa kamar wutar kara.
Wancan kuwa mai nawa ne,
sai ya yi shawara kafin ya tashi,
shi ke tura kaya mai nauyi bai rushe ɗaki ba.
Kada ka haɗa su kwano ɗaya.
Gwangwanin da rubutunsa ya goge,
ko na ubanka ne, ba ka san shi ba."

Ni kuwa na zo da sikeli daga kasuwar Wunti,
mai batir, mai lambobi masu ƙyalli,
ina jin kaina wani malamin asibiti.
Ya dubi abin, ya dube ni,
ya zaro ƙahon gada daga aljihu,
guntu, ya yi baƙi don shan hannu.
Ya ɗiba, ya share baki da farce, ya juye.
Sau bakwai.
Sau bakwai lamba ba ta gusa ba.
A na takwas tari ya sarƙe shi,
lamba ta haura.
Ya yi shiru har kaza ta gama ratsa tsakar gida.
"Bar mini shi nan," ya ce.
"Tsufa ya fara sa hannu a awona."

Sai dalma.
Ya zube ta a faifai yana tsinta kamar mai tsintar wake:
ƙanana na zabon daji da fakara,
masu watsuwa kamar an yafa iri;
manya na gadu,
mai fata kamar tsohuwar taya.
Kwanso ma sai ya ɗaga shi ga rana.
Mai tsaga ko ta gashi guda,
ya wurga shi cikin tulun da ya fashe.

Da asuba muka laɓe a gonar gyaɗa,
raɓa ta jiƙa mana gwiwa,
muna jiran zabi.
Ba zabi suka zo ba.
Gadu ne, ƙato, haure ɗaya a karye,
ya durƙusa yana tonon kunya
kamar shi ya biya kuɗin taki.
Taku ashirin, ko ƙasa.
Na ce, "Kawu!" da numfashi kawai.
Yatsansa na kan kunama.
Ya ɗauke.

Muna kallo ya ci, ya ƙoshi,
ya ɗaga wutsiya ya shige dutse.

Goggo Asabe ta ƙirga kunya huɗu da aka tone,
ta ƙirga masa su da rana, ta maimaita da dare.
Shi dai yana goge bindiga da tsumma.
"Ɗurin zabo na yi.
Da na sakar masa, ba zai faɗi ba,
zai tafi da ita a jiki,
ya kwana tara a rami yana ruɓewa,
yana kai ƙarata.
Tun a kan buzu ake zaɓen abin da za a harba,
ba a gona ba."

Bara, bayan girbi, muka kai shi makwanci.
Bindigar mun miƙa ta ofishin 'yan sanda
tare da lasisinta mai ninki huɗu.
Sikelin ya mutu, batir ya zuba a ciki.

Ƙahon yana gidana.
Na wanke shi da toka har sau uku.
Hajara na auna kanwa da shi,
kuma duk ranar da ta tula ba ta share baki ba,
daga ɗaki nake jin kaina ina cewa:
rage.