Yatsu Uku

Kakana Choszang ba ya fara tambayar majinyaci
ina ke ciwo.
Yatsu uku yake ɗorawa a wuyan hannu,
ya runtse ido,
ya saurari jijiya kamar mai jin sallama daga nesa.
Sai can ya ce:
"Ruwan wace ƙorama kake sha?"

A Zanskar muke, inda sanyi ke toshe hanya rabin shekara,
kogi ya daskare, mu taka bayansa mu je kasuwa.
Da ƙanƙara ta narke sai ya tashe ni:
"Yangskit, ɗauko jakar fata, dutse ya buɗe ƙofa."

Muna hawa har numfashi ya zama abin aro.
Can sama akwai ganye mai shuɗin fure,
saiwarsa ta fi maɗaci ɗaci,
ita ke kwantar da zazzaɓi da tari.
Ba ya tona sai ya ƙirga.
In biyar ne, ɗaya tamu.
In uku ne, mu gaishe su mu wuce.
Wanda bai zubar da iri ba, ko hannu ba a kai masa.
Ya mayar da ƙasa cikin rami,
ya barbaɗa garin sha'ir,
ya danna da tafin hannu
kamar mai ɗaure rauni.

Na ce, "Kaka, wa ke ganinmu a nan?"
Ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya ya fito.
"Ƙasa, ruwa, wuta, iska, sarari:
da su aka gina dutsen nan, da su aka gina ki.
Jijiyar da ke hannunki,
jijiyar da ke cikin ƙasa,
kin taɓa jin an raba musu gida?"

Shekarar da hanyar mota ta iso
wani ya zo daga Manali da sikeli da buhuna.
Bai tambayi sunan ganyen ba,
nauyi kawai ya sani.
Yayana Stobdan ya sayi takalmi da rediyo.
Ban zarge shi ba. Ni ma na so takalmin.
Kafin kaka ta wuce, gangaren ya koma
kamar kan da aka aske da fasasshiyar kwalba.

Ruwa ya sauko da bazara, babu abin riƙe ƙasa.
Ƙoramarmu ta zama kunu.
Yara suka kama tari.

Tsohon ya hau da sandarsa, yana hutawa sau tara,
ya durƙusa a idon ruwa,
ya tsoma yatsu uku cikin laka.
Ya daɗe.
Iska tana kaɗa tutocin addu'a a bayanmu.
"Bugunta ya yi sauri," in ji shi.
"Wannan majinyaciyar ba ni da maganinta,
sai dai a ƙyale ta ta yi barci."

Bai ga wata bazarar ba.

Yanzu jakar fata a kafaɗata take,
cokalin awonsa ya lanƙwashe a inda babban yatsansa ke zama.
Ɗan Stobdan na kwance, ƙirjinsa na kukan tsohuwar ƙofa.
Tun asuba nake hawa.
Na duba bayan kowane dutse,
na samu guda ɗaya tak,
furensa bai ko buɗe sosai ba,
iri kuwa sai nan da wata guda.

Matonin yana hannuna na dama.
Na hagu na aza a ƙasa, yatsu uku,
ina jin bugu,
ban san ko na dutsen ba ne,
ko na yaron,
ko nawa.
Rana ta kusa faɗawa bayan tsauni,
kuma hanyar gida da nisa.